Yadda Za A Kare Darajar Kai Ta Yaron Da Koyo Yake Yi Wa Wuya

Akwai yaran da Allah ya ba su wayo da fahimta daidai da na tsararsu, wani lokaci ma fiye, amma karatu ko rubutu ko lissafi yana yi musu wuyar da ba ta dace da basirarsu ba. Masana suna kiran wannan yanayi matsalar koyo ta musamman, kuma sun bambanta disleksiya, wadda ta shafi karatu, da disgirafiya, wadda ta shafi rubutu, da diskalkuliya, wadda ta shafi lissafi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na yara 'yan makaranta suna fama da ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ke nufin da wuya a shiga ajin da ke da ɗalibai 80 ba a sami irin waɗannan yara ba. Tun a shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, alhali malaminsa yana cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi hazaƙa a makarantar.

Wahalar karatun kanta tana raguwa idan aka sami koyarwar da ta dace. Abin da ya fi daɗewa a jikin mutum shi ne hukuncin da ya yanke wa kansa tun yana ƙarami, cewa shi daƙiƙi ne, ba shi da amfani, kuma duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Wannan jagora an rubuta shi ne domin iyaye da malamai da yayye, domin su san yadda za su hana yaro yanke wa kansa wannan hukunci, ko su warware shi idan an riga an yanke.

Da farko a fahimci inda ɓarnar take shiga

Yaro yana kallon kansa ta fuskoki da yawa. Yana da ra'ayi game da iyawarsa a aji, da iyawarsa a filin ƙwallo, da karɓuwarsa a wurin abokai, da matsayinsa a gida. A saman waɗannan duka akwai wani ji na gaba ɗaya, wato ko yana ganin kansa mutum mai daraja ko ba ya gani. Binciken da James Chapman ya tattara a 1988, da wanda George Bear da abokan aikinsa suka tattara a 2002, sun nuna cewa yara masu matsalar koyo sun fi bambanta da sauran yara a wajen yadda suke ganin iyawarsu ta karatu, amma a wajen darajar kai ta gaba ɗaya bambancin ba shi da girma haka. Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nuna cewa yaro zai iya sanin karatu yana ba shi wuya kuma ya ci gaba da ganin kansa da mutunci. Aikin manya shi ne su tsare iyakar da ke tsakanin “karatu yana yi mini wuya” da “ni ba kowa ba ne,” kada na farko ya malala ya zama na biyu.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin shekara 7 zuwa 9. Ƙananan yara 'yan rabin aji da aji ɗaya galibi suna ganin sun iya komai, amma daga wajen aji biyu zuwa uku na firamare sai yaro ya fara auna kansa da na kusa da shi, ya lura cewa abokinsa ya gama kwafe allo shi ko rabi bai kai ba. Daga nan sai ya fara guje wa littafi, kuma kamar yadda masani Keith Stanovich ya bayyana a 1986, wanda ya iya karatu yana ƙara karantawa yana ƙara tara kalmomi, wanda bai iya ba yana ƙara nisa da littafi, tazarar tana ƙara faɗi kowace shekara. Idan faɗuwa ta yi ta maimaituwa duk da ƙoƙari, yaro yakan kai matsayin da yake daina gwadawa gaba ɗaya, domin ya gamsu cewa ƙoƙarinsa ba ya canza komai. A wannan matsayi ne manya suke cewa ya cika lalaci, alhali karaya ce ta same shi.

A tabbatar da abin da ke damun yaron

Ba duk yaron da bai iya karatu ba ne yake da matsalar koyo. A makarantunmu da yawa cunkoso da ƙarancin littattafai da koyarwa cikin harshen da yaro bai ji ba sun isa su hana lafiyayyen yaro iya karatu. Saboda haka a fara da abubuwan da suka fi sauƙin ganowa: a kai shi a duba idonsa da kunnensa, a duba ko yana samun isasshen abinci da barci, a kuma tuna ko ciwo irin na sikila ko yawan zazzaɓi yana sa shi fashin makaranta. Akwai ma wani nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, a yi zaton shagala ce.

Idan an kawar da waɗannan, kuma an koyar da yaro yadda ya kamata na tsawon watanni amma har yanzu yana kasa haɗa baƙi da wasali, ko yana karanta kalma a layi na farko ya kasa gane ta a layi na uku, ko yana ƙirga da yatsu abin da tsararsa suka haddace tuntuni, to a nemi ƙwararre. Sassan ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Jos, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, suna horar da malamai a wannan fanni, kuma likitocin yara a asibitocin koyarwa suna iya ba da shawarar inda za a dosa. Sai dai kada a jira takardar ƙwararre kafin a fara abin da ke ƙasa, domin babu ɗaya daga ciki da zai cutar da yaro ko da a ƙarshe an gano wani dalili ne daban.

A gaya wa yaro gaskiyar halin da yake ciki

Iyaye da yawa suna ɓoye wa yaro matsalarsa da nufin kada ransa ya ɓaci. Niyyar tana da kyau, amma yaron ya riga ya san akwai abin da ya bambanta shi da sauran, kuma idan ba a ba shi bayani ba zai ƙirƙiro nasa, wanda kusan kullum ya fi gaskiyar muni. A 1990 Wendy Heyman ta yi bincike a kan yadda yara masu matsalar koyo suke fahimtar matsalarsu, ta gano cewa waɗanda suke ganin matsalar a matsayin abu mai iyaka, mai yiwuwar gyaruwa, wanda kuma ba abin kunya ba ne, sun fi sauran ganin darajar kansu. Waɗannan abubuwa uku su ne ya kamata bayanin ya ƙunsa.

A zaɓi lokacin da hankali yake kwance, ba ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa ba, kuma ba a gaban ƙanne ko baƙi ba. Uwa za ta iya cewa: “Zo nan, yarona. Na lura karatu yana ba ka wuya, kuma na ga irin ƙoƙarin da kake yi. Abin da ke faruwa shi ne kanka yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗa harafi da sautinsa. Akwai mutane da yawa masu irin wannan, manya da yara, kuma ba ya nufin ba ka da wayo. Akwai hanyar da ake koya wa irinku, za mu bi ta tare, a hankali.” Idan yaro ya tambaya ko zai warke, a ba shi amsa ta gaskiya, cewa mai yiwuwa karatu ya ci gaba da cin lokacinsa fiye da na wasu har girmansa, amma zai iya karatu, kuma zai iya yin nisa a makaranta. Alƙawarin cewa abin zai gushe nan da wata uku yana da daɗin ji, amma idan wata ukun suka wuce yaro zai ƙara da cewa har maganin da ke yi wa kowa aiki shi bai yi masa ba.

Disleksiya tana bin jini a cikin dangi. Idan uba ko kawu ya sha irin wannan wahala yana yaro, to faɗa wa yaron hakan yana da tasirin da babu wani bayani da zai kai shi, domin yana ganin mutumin da yake girmamawa ya bi wannan hanya kuma ya zama magidanci mai sana'a da mutunci.

A nan ya kamata a yi magana a kan abin da ake yawan danganta matsalar da shi. Addu'a abin dogaro ce ga kowane mai imani, kuma yaron da ya ji iyayensa suna yi masa addu'ar buɗi yana samun natsuwa. Amma idan aka riƙa faɗa a gabansa cewa an yi masa asiri ne, ko aljanu sun toshe masa kai, ko kishiyar uwarsa ce ta kulle shi, to an koya masa cewa matsalar ta fi ƙarfinsa kuma babu abin da aikinsa zai iya yi a kai, ban da tsoro da zargin 'yan uwa da aka shuka masa. A yi addu'a, a kuma zauna a koyar.

A gyara maganar cikin gida

Sunayen da ake kiran irin waɗannan yara da su sanannu ne: daƙiƙi, dolo, jaki, mai ƙwaƙwalwar kifi. Yaro yana ganin kansa ne da idon manyan da ke kewaye da shi, kuma sunan da ya fito daga bakin uwa ko uba yakan zauna masa a matsayin gaskiyar da ba a jayayya da ita. Wajibi ne maigida da uwargida su hana wannan a fili, su hana yayye da 'yan aiki da duk wanda ke zaune a gidan, su kuma yi wa kakanni bayani cikin ladabi, domin wasan jika da kaka yana da daɗi amma bai kamata ya taɓa wannan wuri ba. Ga Musulmi, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta riga ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye, kuma ba ta ware yara ba.

Bayan sunaye sai kwatance. Babu abin da ke karya yaro kamar a ce masa ƙaninsa ya iya abin da shi ya kasa, musamman a gidan da ake da ɗakuna fiye da ɗaya, inda sakamakon yara yakan zama abin gasa tsakanin iyaye mata. Haka kuma tambayar da kowa yake yi a ƙarshen zango, “Na nawa ka zo?”, tambaya ce da yaro mai matsalar koyo ba zai taɓa amsa ta da farin ciki ba, ko da ya ninka ƙoƙarinsa, saboda sauran ma suna gaba. A maye gurbinta da wata: “Me ka iya yanzu da ba ka iya ba a zangon da ya wuce?” A ajiye tsohon littafin rubutunsa, bayan wata biyu ko uku a ɗauko a ajiye kusa da sabon, ya gani da idonsa. Ma'aunin da ya dace da shi shi ne shi kansa na jiya.

Akwai kuma al'adarmu ta kara, wadda take sa iyaye su ji nauyin nuna ƙauna ko yabon ɗansu a fili, musamman ɗan fari. Ba sai an rushe wannan al'ada ba, amma a san cewa yaron da yake shan tsawa kullum a kan karatu, kuma bai taɓa jin kalma mai daɗi ba, ba zai iya gane cewa shirun kunya ce ba, zai ɗauka cewa ba a son sa ne. Uban da ba zai iya furtawa ba yana iya ɗaukar yaron su tafi masallaci ko gona ko kasuwa su biyu, yana iya neman ra'ayinsa a kan wani abu, yana kuma iya aika yabon ta bakin gwaggo ko kawu. Abin da ake so yaro ya tabbatar da shi shi ne matsayinsa a gidan bai rataya a kan katin sakamako ba.

A koya masa abin da ya gagare shi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke yawan kuskure, suna zaton daɗin baki zai wadatar. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa sun bi diddigin bincike masu yawa, suka ga cewa ɗaga wa ɗalibi ganin darajar kansa kawai ba ya inganta karatunsa. Binciken Herbert Marsh kuma ya nuna cewa iyawa da yarda da kai suna ciyar da juna: nasara tana ƙara yarda, yarda tana ƙara nasara. Saboda haka yaron da ya ce bai iya karatu ba, hanyar da ta fi kowace canza masa ra'ayi ita ce ya karanta wani abu da kansa, ya san kuma shi ya karanta.

Ga mai disleksiya, tushen wahalar yana cikin rarrabe sautukan magana da danganta su da haruffa, don haka koyarwar da take aiki ita ce wadda take bin sauti ɗaya bayan ɗaya, a bayyane, cikin tsari, tare da maimaici mai yawa. A fara da Hausa idan ita ce harshen gida. Rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi daidaito nesa ba kusa ba, domin kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, kuma yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali, irin su ba, bi, bu. Yaron da ya sha wuya da rikitattun ƙa'idojin rubutun Ingilishi yakan sami nasararsa ta farko da kalmomi irin su gida, rana, kaza, kuma abin da ya koya na haɗa sauti zai bi shi zuwa Ingilishin daga baya. A kula da b da d da ɓ da ɗ, waɗanda suke kama da juna a ido. Kada a koyar da su a rana ɗaya, a bar ɗaya ya zauna sosai kafin a kawo ɗan uwansa. A sa yaro ya zana harafin da yatsa a kan yashi yana furta sautinsa, domin hannu da ido da kunne su yi aiki tare. Ga mai wahalar lissafi kuwa, a koma ga abin da ake taɓawa, tsakuwa ko wake ko marafan kwalba ko canjin kuɗi, kafin a je ga lambobi a takarda.

Zaman ya zama gajere, minti 15 zuwa 20 a kowace rana, wanda ya fi awa biyu a ranar Asabar amfani. A zaɓi aikin da yaro zai ci mafi yawansa daidai, da ɗan abin da zai sa ya yi yunƙuri, a kuma tashi daga zaman a kan abin da ya iya. Wanda ba shi da haƙuri a cikin iyaye, ya bar wa wani wannan aiki, domin darasin da yake ƙarewa da kuka da bulala yana koya wa yaro tsoron littafi ne kawai. Haka ma tara masa malaman lesin bayan ya dawo daga boko da Islamiyya a gajiye, suna maimaita masa hanyar da ta riga ta gaza da safe, ba ya ƙara komai sai yawan lokutan da zai faɗi a rana.

Yadda ake yabo

A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan aji biyar, suka ga waɗanda aka yaba wa wayonsu sun fi saurin karaya idan aiki ya yi wuya, sun kuma fi zaɓen aiki mai sauƙi, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. A 2014 kuma Eddie Brummelman da abokan aikinsa a ƙasar Holan sun gano cewa manya sun fi zuzuta yabo ga yaran da ba su yarda da kansu ba, kuma wannan zuzutawa tana sa irin waɗannan yara su ƙara guje wa abu mai wuya, don kada su kasa kai matsayin da aka ɗora su. Darasin a bayyane yake. A yabi abin da yaro ya aikata, a ambace shi takamaimai, kuma ya zama gaskiya: “Na ga da ka kai kalmar nan ka tsaya ka raba ta gaɓa-gaɓa har ka fitar da ita. Haka ake yi.” Idan ya yi kuskure a nuna masa wuri ɗaya ko biyu da zai gyara, kada a cika shafin da jan biro. Yara suna gane yabon ƙarya da wuri, kuma wanda aka yaba wa aikin da shi kansa ya san bai yi kyau ba yakan ɗauka cewa an fid da rai da shi ne.

A nemo fagen da ya fi ƙarfi, a ba shi amana

Masanin halayyar yara Robert Brooks ya daɗe yana jan hankalin iyaye da malamai cewa kowane yaro yana da wani fage da ya iya, kuma daga nan ake fara gini. A wurinmu irin waɗannan fagage suna da yawa: kiwon kaji ko tantabaru, gyaran keke, ɗinki, kitso, girki, zane, ƙwallo, tatsuniya, ciniki a shago. Sharaɗin shi ne abin ya zama na gaske, wanda gida yake amfana da shi, kuma yaro ya san an dogara da shi. Yarinyar da aka damƙa wa kula da awaki, ko yaron da shi ake kira idan fitila ta lalace, yana da hujjar da zai tunkari ranar da ta yi masa zafi a aji.

Abubuwa biyu ne za a kiyaye a nan. Kada a hana yaro wannan fage a matsayin horo don ya faɗi jarrabawa, domin an ƙwace masa wurin da yake numfashi ke nan. Kada kuma a mai da koyon sana'a ya zama hukunci, a ce tunda ba ka ja a boko sai ka tafi gareji. Sana'a abin alfahari ce, kuma tana tafiya tare da makaranta. Idan aka gabatar da ita a matsayin makomar waɗanda suka gaza, an zubar da darajar sana'ar da ta yaron a lokaci guda. Wannan ya fi tsanani ga 'ya mace, wadda sau da yawa shirunta a aji yake sa a ɗauka natsuwa ce, har sai an yanke cewa karatu ba nata ba ne a cire ta.

A haɗa kai da malamai

A je makaranta tun farkon zango, kafin matsala ta taso, a nemi ganin malamin aji a keɓe, a shiga da girmamawa, domin malamin da ke riƙe da yara fiye da kima ba zai karɓi zargi ba amma zai iya karɓar roƙo. Abubuwan da za a nema ba su buƙatar kuɗi: a zaunar da yaron a gaba; kada a tashe shi karatu a bainar aji ba shiri, sai dai a ba shi sakin layin da zai karanta tun jiya ya yi bita; a rage masa yawan kwafe daga allo; a ƙara masa lokaci a gwaji; a riƙa yi masa wasu tambayoyi da baki domin a ga abin da ya sani na darasin, ba abin da ya iya rubutawa kaɗai ba. Sama da duka, kada a doke shi ko a sa 'yan aji su yi masa ihu saboda kuskuren karatu, kuma kada a sa ƙaramin ɗalibi ya ja masa kunne don ya amsa abin da shi ya kasa. Malamin da ya ba irin wannan yaro wani muƙami a aji, ko da riƙon alli ne ko raba littattafai, ya canza yadda sauran yara suke kallonsa.

A Islamiyya da makarantar allo lamarin yana da fuska biyu. Yaro mai disleksiya yana iya zama gwani a hadda ta hanyar saurare, har karatun taro ya ɓoye cewa bai gane baƙaƙen ba. Wani kuma haddar ce take yi masa wuya, ya daɗe a kan allo ɗaya tsararsa suna wankewa suna wucewa. A roƙi malam ya rage masa yawan ƙari, ya bar shi ya yawaita saurare, ya kuma riƙa sauraron biyawarsa shi kaɗai. Yana da kyau yaron ya ji hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana in'ina a cikinsa, yana yi masa wuya, yana da lada biyu. Yaron da aka saba yi wa dariya a kan wannan in'ina yana da haƙƙin ya san matsayin da addininsa ya ba shi.

Alamomin da ba a yi musu sakaci

Karaya ba kullum take zuwa da kuka ba. Wani yaron ciwon ciki ko ciwon kai yake kama shi kowace safiyar makaranta ya sake shi ranar hutu. Wani yana yaga littafi ko ya ce ya ɓata. Wani yana zama mai ba aji dariya ko mai faɗa, domin ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Idan aka ga yaro ya daina cin abinci ko barci yadda ya saba, ya janye daga abokai da wasannin da yake so na tsawon makonni, ko ya fara furta cewa gara ma ya mutu, to a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba, domin damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun fi yawa a tsakanin yara masu matsalar koyo, kuma ana maganinsu.

Yayin da yaro yake shiga sakandare, a fara miƙa masa ragamar lamarinsa. Cibiyar Frostig da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda take koyar da yara masu matsalar koyo, ta bi rayuwar tsofaffin ɗalibanta masu matsalar koyo na tsawon shekara 20, ta gano cewa abubuwan da suka fi bambanta waɗanda suka yi nasara su ne sanin ƙarfinsu da rauninsu, da naci, da tsara buri, da iya neman taimako, fiye da makin da suka samu a makaranta. Saboda haka a koya wa matashi ya iya zuwa wurin malami da kansa ya ce: “Malam, ina fahimtar darasin, amma rubutu yana cin lokacina, ina roƙon a ba ni dama in kwafa daga littafin abokina bayan an tashi.” A gwada wannan magana da shi a gida, uba ko yaya ya zama malamin, har sai ya iya faɗinta ba tare da sunkuyar da kai ba. A kuma nuna masa yadda zai sa waya ta karanta masa rubutun Ingilishi da murya, da yadda zai naɗi bayanin darasi, da izinin malami, ya saurara a gida.